Ƙotar Da Ta Sha Ruwa

Da misalin ƙarfe bakwai na safe aka tsinci Auta kwance a filin faskare, tsakanin gungumen da shi da wansa suke sara a kai da shingen kwano, jini ya jiƙa dusar itacen da ke ƙarƙashin kansa. Yana numfashi, amma ba ya magana. Gatarinsu na gefensa kamar wanda aka ajiye da hannu. Kafin motar da ta ɗauke shi zuwa asibiti ta sha kwana, layin ya riga ya yanke hukunci.

Layin nan ba ya jinkiri wajen neman mai laifi. Rami ya shekara uku a tsakiyar titi ba wanda ya zuba masa ko kwandon ƙasa. Famfo ya mutu, kullum sai "za a gyara". Amma a ce a nuna mutum da yatsa, sai ka ga gurgu ya riga mai ƙafa isa.

Wanda aka nuna shi ne tsohon da ke shagon ƙarshen layi, mai gyaran gatura. Yakan tsinto tsoffin kawunan gatari a juji da wurin masu tsohon ƙarfe, ya kankare tsatsa, ya wasa, ya sassaƙa musu sabuwar ƙota. Baba Tsatsa suke ce masa. Ba mata, ba ɗa, ba ya zaman hira, gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu. A layin nan wannan kaɗai rabin laifi ne. Sauran rabin Babba ne ya kawo shi, wan Auta kuma abokin sana'arsa, wanda ya iso a guje yana ihu bayan mutane sun taru.

"Da kunnena na ji shi! Ran Talata ya tsaya a bakin shingen nan ya ce gatarin nan sai ya sha jinin ɗayanmu. A tambayi Mai Walda, yana wurin!"

Mai Walda ya ce lalle ya ji. Wata mata ta ce ai ta ga tsohon da sassafe ta bayan fili da buhu a kafaɗa. Shi ke nan. Shugaban layin, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya sa aka tura tsohon cikin shagonsa aka danna kwaɗo ta waje, wai don kare lafiyarsa, har 'yan sanda su zo ƙarfe huɗu. Matasa kuwa suka rantse ko an tafi da shi ko ba a tafi ba, kayan shagon nan a titi za su kwana.

*

Matar Auta ce ta je neman Mai Sawu. Shekara talatin ya yi yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu satar itace. Yanzu akuya ta ɓata ko an ɗauke injin wuta, shi ake kira, in an gama a manta da shi. Ɗakinsa ɗaya ne a bayan wani sito: gado, kujera, rediyo maras batir, da kofuna biyu a kan taga, ɗaya ya yi ƙura tun da matarsa ta rasu.

Ta durƙusa a bakin ƙofa. "Baba, sun hana ni shiga wurinsa. Likita ya ce sai yamma za a san inda aka dosa."

"Allah ya tashi kafaɗunsa. Me kike so in yi, 'yata?"

"Tun safe kowa ke gaya mini wanda zan tsana. Ni dai in zan tsani mutum, ina so in tsane shi da hujja."

Ya dube ta jim kaɗan, ya jawo takalminsa daga ƙarƙashin gado.

*

A filin sai da ya yi tsaki. Mutum ya fi hamsin da ya tattaka wurin. Wani ma har ya share jinin da tsintsiya don neman lada.

"Kun yi wa ƙasa surutu har ta manta abin da za ta faɗa," in ji shi.

Ciyaman, wanda ya biyo shi da mabuɗin shagon a aljihun gaba inda kowa zai ga zarensa, ya ce, "Malam, ai magana a fili take. Wahala kawai za ka sha."

Mai Sawu ya fita bayan shinge, ya sunkuya. Sawun tsohon ba ya ɓoyuwa, domin yana jan ƙafar hagu: taku ɗaya, jan layi ɗaya.

"Ka gani!" Ciyaman ya tafa hannu. "Me na ce?"

"Na ga ya wuce. Bai tsaya ba, bai juyo ba, har juji. Wucewa ba shiga ba ce."

"Ya iya tsallake shingen."

"Da wannan ƙafar? Ranka ya daɗe, kai da kake da biyu lafiyayyu, bismilla."

Wasu suka yi dariya, Ciyaman ya gyara hula ya ce shi ba wasa ya kawo shi ba.

A cikin fili, kusa da duron ruwa inda ƙasa ke da danshi, akwai sawun takalmin aiki mai nauyi, na safiyar nan. Mutum ɗaya ke sa irinsa a layin.

*

Mai Walda ya ɗage gilashin fuskarsa, ya ɓoye hannunsa na dama mai bandeji a bayansa.

"Baba Mai Sawu, yau akuyar wa ta shigo garejina?"

"Mai ƙafa biyu ce, takalminta lamba arba'in da huɗu. Me ya kai ka duron su Auta da safe? Me kuma ya sami hannunka?"

"Hannu ƙarfe ne ya ƙona ni tun shekaranjiya, ga shi ka duba." Ya kwance bandejin. Ƙuna ce, har ta fara bushewa. "Duro kuwa, ruwa nake ɗiba. Kullum. Ba su sani ba, amma ai ruwa ba abin da za a kai mutum ƙara ba ne."

"An ce kun yi cacar baki da Auta."

"A kan hayaƙi. Ya ce ina cika masa ido, na ce shi ma yana cika mini kunne. Daga nan sai kisa? Haba Baba. Yau ma ban amfana da ruwan ba, ja wur yake, sai ƙarnin tsatsa. Zubarwa na yi."

"Ƙarfe nawa?"

"Shida saura. Ba kowa a filin. Da na dawo na tada inji, daga nan ko bindiga aka harba ba zan ji ba."

"Amma ran Talata ka ji tsohon."

Mai Walda ya sosa ƙeya. "Ƙarshen maganar na ji. Farkon injin yana kunne."

"Da aka tambaye ka, ka faɗi haka?"

"Ba wanda ya tambaye ni farko."

Haka shaida take a layin nan. A tsinci wutsiyar magana a ƙasa, a ɗaura wa mutum a wuya, a koma aiki da zuciya fes.

*

Da ƙyar Ciyaman ya ba da gatarin, a naɗe cikin buhu. Mabuɗi kuwa ya ce ba ya bayarwa. Mai Sawu ya zaga ta bayan shagon inda akwai taga mai ƙarafa, ya leƙa.

Kawunan gatari jere a bango, daga masu baƙar tsatsa har waɗanda suka koma sheƙi. A rufi, itatuwan ƙota suna rataye suna shan iska, kowane da alamar watan da aka sare shi. Warin mai da ɗanyen sassaƙa. Tsohon yana zaune ya matse wani kan gatari, yana goga masa magagari a hankali, kamar ba shi aka kulle ba.

"Dattijo, ba ka jin tsoro?"

"Ina ji. Hannun ne bai sani ba."

Mai Sawu ya zura gatarin ta tsakanin ƙarafan. Tsohon ya karɓa, ya juya shi sau ɗaya, fuskarsa ta canza.

"Wa ya sa wannan?"

"Kai, in ji su."

"Ƙota tawa ce. Kan kuma na ubansu ne, ni na raya musu shi bara, sai da na kwana tara ina cire masa tsatsa. Amma ban taɓa sa kan gatari a kife ba, ko ina yaro." Ya nuna da babban yatsa. "Dubi nan. Kaifin gatari yana da gemu, gefen da ya fi zubowa. Gemu ƙasa yake kallo, wajen hannun mai sara. Wannan sama yake kallo. Kan nan ya fita, wani ya mayar da shi cikin sauri."

"Ƙotarka ta saki ke nan."

Tsohon bai ji haushi ba. Ya sa farce a wuyan ƙotar ya danna, itacen ya lotsa kamar ɓawon kabewa.

"An ba ta ruwa. Kowace ƙota tana ramewa in zafi ya yi. Maganinta a kawo mini in buga ɗan tsinken busasshen itace a kanta, in sa mai. Aikin minti goma. Su kuwa sai su tsoma gatari a duro ya kwana. Itace ya kumbura, ya kama, a ce an gyara. Ya bushe, ya fi jiya ramewa, a sake tsomawa. Ana nan ana nan naman itacen ya mutu, ko ruwan ba ya ji. Ran Talata na gan shi a duro, na ce a kawo. Babba ya ce haka kowa ke yi, haka ubansu ya yi, in tafi in ji da tsatsata. Shi ne na ce in ba su daina ba gatarin nan sai ya sha jinin ɗayansu."

"Me ya hana ka gaya wa mutane haka da safe?"

"Mutum hamsin suna magana, wa zai ji na hamsin da ɗaya?" Ya miƙo gatarin. "Shekara ashirin da biyu ina layin nan. Kai ne na farko da ya tambaye ni abu ban da yaushe za a gama."

Mai Sawu ya karɓa. Shi ma ya san irin waɗannan shekarun.

*

Ya koma filin da rana tsaka, lokacin da 'yan kallo suka watse neman inuwa. Da safe a gindin gungume ya yi ta nema, inda kowa ya tattaka. Yanzu ya tsaya inda mai sara ke tsayawa, ya miƙa hannu ta inda Auta ya faɗi, ya bi layin da ido har shinge.

Taku tara daga wurin, a bayan tarin ɓawo inda ba wanda ya je, ƙarfe ya kafta ƙasa ya bar sabon rauni. Gefensa ga sawun takalmin taya, gajeren taku, diddigen hagu ya cinye. Mutumin ya zo, ya sa gwiwa ɗaya ƙasa, ya koma. Sai kuma sawun ya sake fitowa, wannan karon a guje, ya bi ta inda kwanon shinge ya ɗage.

Ya bi shi ta gefen kwata, ta bayan shaguna, har wani kango da ba a gama ginawa ba. A nan mutumin ya zauna a kan bulo. Ya daɗe. Dugadugansa sun haƙa ramuka biyu, kuma ya yi ta karya wani kara yana zubarwa, gutsattsari sun fi ɗari. Daga nan sawun ya zagaya ta babban titi, ya shiga cikin na jama'a.

Mai Sawu ya zauna a kan bulon, ya ɗaga kai. Ta wata kafa a bangon ana hango filin tsaf, har gungumen, har inda aka share jinin.

Ya daɗe a zaune shi ma. A daji ya sha bin sawun mugaye, bai taɓa jin nauyin da ya ji a kan bulon nan ba.

*

Da ƙarfe uku da rabi Mai Sawu ya sa Ciyaman ya tara mutane a filin. Matar Auta ta zo daga asibiti, idonta ya kumbura. Mai Walda ya zo da gilashinsa a goshi. An fito da tsohon, matasa biyu riƙe da shi kamar zai tashi sama. Babba yana gaba cikin takalmin taya mai cinyayyen diddige, muryarsa ta dushe don ihu.

"Me ake jira?" in ji shi. "Ƙanena yana can kwance, mu muna nan muna kallon ƙasa!"

"Yanzu za a gama," in ji Mai Sawu. "Babba, da safe kana ina?"

"Na faɗa. Na je ɗauko itace a bakin tasha."

"To. Ina so mutane su ga yadda tsoho zai iya sarar mutum da gatarin nan. Ni ban iya riƙe shi ba, kai ne gwani." Ya ɗora guntun itace a kan gungume, ya kwance buhun ya miƙa masa gatarin. Sannan ya zaga ya tsaya daidai inda aka tsinci Auta, ya cire hula, ya sunkuya kamar mai tsintar faskare. "Sara da ƙarfi, yadda ka saba."

Babba ya riƙe ƙotar da hannu biyu. "Matsa daga nan, Baba."

"Ai nan ƙanenka ke tsayawa kullum. Sara."

"Na ce ka matsa!"

"Kai Babba, sara mana, lokaci na tafiya," in ji Ciyaman.

Ya ɗaga gatarin har kafaɗa. Sai ya tsaya cak. Filin ya yi tsit, har ana jin wata rediyo daga can ƙarshen layi. Mai Sawu bai ɗago kai ba.

"Ba zan iya ba," Babba ya ce. "Zai fita."

"Me zai fita?"

"Kan. Kan zai fita."

Mai Sawu ya miƙe, ya mayar da hularsa. "Mutum hamsin sun ga gatarin nan da kansa a jiki. Wa ya gaya maka yana fita?"

Gatarin ya sulale daga hannun Babba. Ya zube a kan gungumen, ya rufe fuska.

"Sara ta uku ce," ya ce cikin kuka. "Ni na tsoma shi jiya, da safe na ga ya kama. Wallahi ya kama. Sai na ji ƙota ba nauyi a hannuna, na ga Auta a ƙasa. Na ɗauka ya mutu. Na ce za a ce ni na kashe ɗan'uwana."

"Sai ka ɗauko kan a bayan ɓawo ka mayar a kife," in ji Mai Sawu, "ka je kango ka zauna kana kallonsa ta kafar bango har aka zo."

Wani daga baya ya ce, "Kai, ƙaddara ce. Wa ba ya tsoma gatari a ruwa?" Kawuna da yawa suka gyaɗa, domin kowa ya tuna da nasa duron.

Matar Auta ta matso har gabansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, gatari ne ya kuskure, na yarda. Ƙafafunka fa? Likita ya ce jinin da ya zuba ne ya fi raunin illa. Kana kallo."

Babba bai ɗago ba. Da 'yan sanda suka iso, shi da kansa ya miƙe ya nufi motar.

Ciyaman ya yi gyaran murya ya ce to alhamdulillahi, gaskiya ta yi halinta, kowa yana kuskure, a bar tone-tone, zaman tare ya fi komai. Ya zaro mabuɗin ya ba wani ya ba tsohon, don kada hannunsu ya haɗu. Matasan da suka rantse da safe suka tuna suna da aiki. Cikin minti biyar filin ya zama na mutum uku. Ba wanda ya ce wa tsohon yi haƙuri. A layin nan an fi son a haɗiye kunya da a furta ta.

*

Tsohon ya duƙa ya ɗauki gatarin, ya dubi matar Auta.

"In tafi da shi?"

"Baba, ni ko ganinsa ba na so. Ban ma san ko zai tashi ba."

"In ya tashi zai nemi abin aiki. Ƙarfen ba shi da laifi."

Ta share ido, ta gyaɗa kai, ta juya ta nufi asibiti.

Mai Sawu ya raka shi har shago, ba don an ce ya raka ba. Hanyarsa ma ba nan ba ce. Tsohon ya buɗe kwaɗon, ya ajiye shi a bakin ƙofa inda mai shi zai gani. Ya buga ruɓaɓɓiyar ƙotar sau biyu da guduma, ta fita. Ya ɗaga kai yana duban itatuwan da ke rataye, ya zaɓi ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya saurara.

"Za ka zauna a layin nan bayan wannan?" in ji Mai Sawu.

"In na tafi, duk su koma duro."

Ya ɗora itacen a kan benci, ya ɗauko gizago, sai ya tsaya yana duban baƙon da ke tsaye a ƙofa yana juya hula a hannu.

"Ana jiranka a gida?"

"A'a."

"To shigo ka riƙe mini nan. Ka danne sosai, kada ya motsa."